Defanaj: Kalmar da Ta Hana Mahaifina Isa Gida

Zuwa ga Shugaban masu garejin mota na Malanville da kewaye.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka, ina gai da iyalinka da duk wanda ke cin abinci da sifana a ƙarƙashinka.

Sau biyu na zo garejinka. Zuwan farko aka ce ka tafi Kandi. Na biyu aka ce ka fita, alhali babur ɗinka na jingine a gindin bishiyar bedi. Na bar saƙo, shiru. Shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta.

Ni mutumin Nijeriya ne, daga wani ƙauye kusa da Illo. Shekara uku ke nan da na ƙetaro iyaka ina sayar da takalma a kasuwar Malanville. Na iya lissafin kuɗin sefa, na iya gaisuwa da yaren Dendi, amma Faransancina bai wuce na ciniki ba. Ka riƙe wannan, domin a kansa maganar take.

Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Na kai shi wani asibiti a kudu, muka yi mako uku, daga ƙarshe likita ya ce mu koma gida da shi mu ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan, shi ma Baba ya sani. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi gida da ransa, ya cika a ɗakinsa, a binne shi inda aka binne iyayensa. Na yi masa alkawari. Ranar Laraba da safe muka kama hanya a motata, ƙanwata na baya tana tallabe da shi.

Ga abin da ya faru, kuma ina da shaidu.

Na ɗaya. Muna shiga Guéné da hantsi motar ta fara tururi, tiyon lagireto ya fashe. Aka nuna mini wani makanike a bakin titi, ɗan ƙungiyarku ne. Ba zan kama sunansa a nan ba, amma in ka tambaye ni zan kai ka har rumfarsa. Mutumin nan yana jin Hausa kamar ni. Da Hausa ya leƙa ya yi wa Baba sannu, da Hausa na gaya masa halin da muke ciki. Ya shiga ƙarƙashin mota, bai yi rabin awa ba ya fito yana kaɗe hannu, ya ce ya yi mata defanaj, mu tafi. Jaka uku ta sefa ya ce in ba shi, ban nemi ragi ba.

Na biyu. Ni a saninna defanaj gyara ne da Faransanci. Ashe a wurinku ɗaurin wucin gadi ne, wanda zai lallaɓa da mota zuwa gareji na gaba, a hankali, ana tsayawa ana ƙara ruwa. Abin da ya yi shi ne ya naɗe tiyon da robar tsohon tif na babur. Duk hirar da muka yi da Hausa muka yi ta. Kalma ɗaya tak da ran tsohon nan ya rataya a kanta, ita ce ya faɗa da yaren da ya ga ba na ji. Me zai rage shi da shi in ya ce mini kada in yi gudu? Numfashi nawa ne a cikin faɗar haka?

Na uku, kuma wannan ne ke cina a rai. Sabon tiyo na nan a Malanville. Da ya faɗi gaskiya, da na tura ɗan kabu-kabu ya sayo, mu zauna a inuwa mu jira. Amma akwai babbar motar albasa da ke jiransa a gefe, hankalinsa na can, mu kuwa ƙaramin aiki ne da ake son a sallama. Har wani direban tasi da ya sauke fasinja ya ce zai ɗauke mu kai tsaye zuwa Madécali, daga can sai gida. Na yi masa godiya na ce an gyara. Da bakina na sallami mutumin da zai kai mahaifina gida, saboda na yarda da ɗanku.

Na huɗu. Da na ji numfashin Baba ya sauya, sai na taka mota, kamar yadda kowane ɗa zai yi. Ba mu ci rabin hanyar Malanville ba robar ta saki, ruwa ya tsiyaye, inji ya buga. Rana tsaka, ba gari gaba ba gari baya. Motocin da suka wuce duk a cike suke, shi kuma ba mai iya ɗora shi a babur. Muka shimfiɗa masa zane a gindin wata tsamiya. Na kira lambar makaniken har sau biyar, bai ɗauka ba. Kafin motar da abokan kasuwa suka turo ta iso, Baba ya cika, ana gab da la'asar.

Jandarma sun zo, sun yi mana mutunci, amma sun ce ƙetare iyaka da gawa sai da takardu, takardun kuwa ba na yini ɗaya ba ne, ga zafi. A Malanville aka binne shi. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba su suka yi masa wanka da salla. Allah ya saka musu, su ba ni da ƙorafi a kansu.

Na biyar. Bayan addu'ar bakwai na koma Guéné. Ban je da faɗa ba, so nake in ji ya ce ya yi kuskure. Ko kai bai ɗago sosai ba, ya ce ai ya gaya mini defanaj ne, kowa ya san defanaj, kuma kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare, ba makanike ne zai koya mini tauhidi ba. Ban ce shi ya kashe mahaifina ba. Na ce shi ya sa tsohon ya mutu a bakin titi kamar marar gida.

Ga abin da nake nema, ranka shi daɗe. Ba kuɗina nake so ba, ba inji nake so a biya ni ba. Ka kira mutumin nan gaban 'yan'uwansa, ya faɗa da Hausar da ya iya cewa ya ga ban gane ba, ya yi shiru. Sannan ka kafa wa 'yan ƙungiyarka doka: duk wanda ya yi ɗaurin wucin gadi, ya gaya wa mai mota da yaren da yake ji, ya faɗa masa iya inda za ta kai shi. Baƙi da yawa ke bin hanyar nan, kuma ba kowa ne buhun albasa ya ɗauko ba.

Akwai abin da ko mahaifiyata ban gaya wa ba. A gindin tsamiyar nan idon Baba ya riga ya daina gani. Ya laluɓo hannuna, ya tambaye ni ko mun iso gida. Na ce masa mun iso. Ya yi hamdala, ya saki jiki. Maganar ƙarshe da mahaifina ya ji a duniya ƙarya ce, kuma daga bakin ɗansa ta fito. Wannan nake ɗauke da shi, kuma ba ni kaɗai ya kamata in ɗauka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon tsawata wa na ƙasa da kai. Allah ya raba ka da lalacewar mota da marar lafiya a ciki, ya sa in naka lokacin ya zo, ya same ka a kan shimfiɗarka.

Wassalam.

Sahabi mai takalma,
kasuwar Malanville.