Sitiyarinta Na Rawa, Na Hana Ta Garejin Habibu

Baba mai shawara, don Allah ka agaza mani, abin nan ya hana ni cin tuwo. Ni mai shagon hatsi ne a Mayahi. Maiɗakina, bari in ce mata Mardiya, ungozoma ce a wani ƙauye wajen Tchaké. Da mota take zuwa aiki, tsohuwa ce amma lafiyayya, ni na saya mata, kuma a cikinta take kawo mai naƙuda gari idan haihuwa ta zo da gardama.

Tun farkon damina sitiyarin ya fara rawa. Tana tafiya lafiya lau, da ta taka birki sai ya kama karkarwa a hannunta kamar mai zazzaɓi. Ran nan ta je Tasawa wajen 'yar uwarta, ashe ta biya garejin Habibu. To Baba, Habibun nan shi ya fara nemanta kafin ni, iyaye ma sun sani, Allah ne bai yi ba. Ta dawo tana ta zuba, wai zagaye ɗaya ya yi da motar ya gane faifan birkin gaba ne ya lanƙwashe, wai ta koma a gyara. Habibu kaza, Habibu kaza, har da dariya! Ni da na sayi motar ba a taɓa yabona haka ba. Ya zauna a kujerarta, ya riƙe inda take riƙewa. Wallahi kishi nike ji.

Kada ka ce ban kula da motar. Da ta shigo gida, kafin ta cire takalmi, na ɗebo ruwan randa na wanke motar tas, tayoyin har tururi suke in na watsa masu. A nan ne kuma nike leƙa ciki, in ga ko an ja kujera baya.

Na ce ba ta ƙara taka garejin nan. Na kai motar wajen mai faci, ya ƙara iska ya ce lafiya ƙalau. Ina! Rawar sai gaba ta yi. Makon jiya shanu suka ratsa mata hanya, da mai ciki kwance a baya, ta taka birki sitiyari ya kusa ƙwace mata. Ta dawo ba ta ce mani uffan ba, a bakin mijin mai cikin na ji, kuma da safe haka ta sake shiga ta tafi. Ni dai zuciyata na gaya mani Habibu ya kwance wani abu don ta riƙa komawa. Baba, zai yiwu? Yaya zan yi?

Mai Ƙunar Zuci, Mayahi

Ɗana Mai Ƙunar Zuci,

Kishinka ban ga laifinsa ba. Namiji ba ya son jin ana yabon wanda ya riga shi, kuma da Mardiya ta gaya maka kafin ta biya, ta rage yabon da ta dawo, da ya fi. Wannan nata ne. Sauran kuwa naka ne.

Da bakinka ka ce rawar ta fara tun kafin Habibu ya ga motar. To, me ya kwance? Abin da ya faɗa kowane makanike na kirki zai faɗa. Idan sitiyari na rawa ana cikin gudu ba a taka komai ba, taya ake zargi, nan mai faci ke da magana. Idan kuwa sai an taka birki yake rawa, yawanci faifan gaba ne ya daina zama daidai, takalmin birki na kama shi yana saki. Iska ba ta gyara wannan.

Yanzu ka saurara da kyau. Ƙarfen da ya yi zafi har yana tururi, ka watsa masa ruwan randa kullum, yana iya lanƙwashewa. Ban rantse ba, amma zai yiwu kai da bokitinka kuka jawo rawar nan, garin saurin leƙa kujera. Ka bar mota ta huce kafin wanki. Zafin nan ma ka gaya wa makanike, don wani lokaci yashi ke sa birki ya maƙale yana ta gugar faifai. Ya duba faifan biyu da takalmansu, ya jijjiga tayoyin gaba ya ga ko ƙafar motar ta saki, kuma a ɗaure notocin taya daidai, kada a hau kan sifana da ƙafa.

Gobe motar nan kada ta ɗauki kowa. Ka kai ta da kanka, wajen duk wanda ya iya aikin. In Habibu ne ya fi iyawa, ka ɗauki matarka ku je tare, ka miƙa masa hannu, ka tsaya har a gama. Shirun da ta yi maka ba don Habibu ba ne, tsoro ta ji, ta dawo ta tarar mijinta kujera yake dubawa. Ka ba ta haƙuri. Ɗana, gara ka tsaya kana cizon yatsa tana gaida Habibu, da ka zauna kan tabarma ana yi maka ta'aziyya.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya riƙa kai ta ya dawo maka da ita lafiya.

Baba