Kunnen Kaset

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Yaya ciwon ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe da kawunsu, maigidana ma yana gaisuwa. Baba yana nan ƙalau. Na san idonka zai tsallake wannan layin, shi ya sa zan maimaita: Baba yana nan ƙalau.

Ba a banza kuke ce mini Rediyo ba, in an kunna ni sai batir ya ƙare, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe. Tun da ka tafi ban taɓa yi maka maganar kaset ɗin Umma ba. Yau zan yi, domin rabin labarin ka gani ka yi gaba.

Ban ce ba ka da hujjar fushi ba. Kaset ɗin naka ne, kai ta yi wa shi lokacin kana makarantar kwana, tana yi maka faɗan wanka da cin abinci, kuma bayan rasuwarta babu inda muryarta ta rage sai a cikinsa. Da zarensa ya tsinke ka kai wa Baba shago, ya liƙe shi tsaf, ya ajiye a kan tebur kusa da tarin kaset ɗin gwaji. Sai wani ya kawo rikoda gyara. Hannun Baba ya kai kan kaset ɗinka maimakon na gwaji, ya danna ɗauka, ya juya ya shiga wani aikin har gefen da Umma ta yi magana ya cika. Abin takaicin, mutumin da kullum yake yi wa masu kawo gyara wa'azin su ɓalle kunnen kaset, ɗan robar nan da in an cire ba a iya ɗaukar wata magana a kai, shi ne bai ɓalle na matarsa ba. Ka fizge kayanka ka fita, har yau ko gaisuwa ba ka aiko masa ba.

Abin da ba ka gani ba shi ne bayan tafiyarka. Ya rufe shago na kwanaki, abinci ma sai na tsaya a kansa. Wallahi na tsorata. Rannan da safe na kai masa shayi, na same shi ya yi wanka ya sa rigar aiki, yana zuba batir a ƙaramar rikodarsa. Na fara lallashi, wai ya yi haƙuri ƙaddara ce. Sai ya tare ni ya ce, "Ƙaddara ce, amma yatsana ne ya danna. Ba zan ɗora wa kowa ba, kuma ba zan zauna ina kallon yatsan ba."

Tun ranar yake bin duk wanda ya san Umma yana ɗaukar maganarsa. Gwaggo ta kwaikwayi yadda take jero sunayenmu duka kafin ta faɗo kan wanda take nema. Tela maƙwabcin shagonsa ya ba da labarin ranar da ta sa shi ya warware riga saboda ɗinki ya karkace da ɗan abin da ido ba ya gani. Har matar nan ta bayan gidanmu ya je wa, wadda suka yi shekaru ba sa ga-maciji da Umma a kan kaza. Ta fara da zayyano laifukanta, kafin ta kai tsakiya kuka ya ƙwace mata. Duk wanda ya gama, nan take Baba zai zaro sukudireba ya ɓalle kunnen kaset ɗin, ƙas, sannan ya yi godiya. Na ce ya ɗauki nasa mana, tunda ya fi kowa saninta. Ya ce muryarsa ta riga ta cinye kaset ɗaya, ya isa haka.

Auta, ni in na yi kuskure ko dai in nemi wanda zan laƙaba wa, ko in kwanta ina cizon yatsa. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki nadamarsa ya fita da ita aiki ba sai Baba. Ubana ne, amma sai yanzu na san girmansa.

Ka gaishe da abokan zamanka. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Rediyo

*

Ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ƙafa? Amsarka ta iso, layi ne da ba su cika tafin hannu ba, kuma duk a kan yara. Na gode, rowar magana dai tun kana ƙarami.

Wannan karon ba zan ce maka Baba yana ƙalau ba. Muryarsa ta daɗe tana dusashewa, muna ta cewa mura ce. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki farkon wata mai zuwa. Yana da kyakkyawan zaton za a ceci ransa, amma ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa da wuya murya ta dawo.

Ni ce na yi ta kuka a hanya, mara lafiyan yana ba ni baki. Ya ce mini da-na-sani ƙeya ce, ya gaji da waiwayenta, yanzu abin da ke gaban goshinsa zai duba. Ka san abin da yake yi da ɗan ragowar muryar? Likita ya ce ya rage magana, shi kuwa rabon ta yake yi. Ya je ya nemi gafarar abokinsa direba da suka ɓata tun muna yara. Ya gaya wa tela cewa bai taɓa samun maƙwabci kamarsa ba, sai da bawan Allah ya soke yatsa da allura don kunya. Ni kuma ya ce surutuna ne ya riƙe gidan bayan Umma. Ka ji fa, surutun da kuka yi ta yi mini gori a kai.

Ya gama da kowa, saura mutum ɗaya. Kujerarka ta shago tana nan, ba ya bari a ɗora mata ko waya. Ya hana ni rubuto maka, wai ba ya son tausayi ya kawo ka. Na amsa da to, ga shi kuma ina rubutawa, Allah ya yafe mini.

Ban ce ka yafe masa ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Ka zo ka ji shi kawai. Duk gidan nan babu wanda ya kai ka sanin zafin rasa murya. Wancan karon ba a yi shawara da kai ba, wannan karon kuwa a hannunka yake.

Ina sauraren ƙarar ƙofa. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Rediyo

*

Autan Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma lafiya, kuma shugabanka na wurin aiki bai yi fushin kwanakin da ka ƙara ba. Ka riƙa cin abinci don Allah, na ga wuyanka kamar na zakara.

Ga labarin da kake jira. An sallamo Baba, ciwon yana warkewa, likita ya ce an cire abin gaba ɗaya. Alhamdulillahi. Murya kuwa ta tafi. In yana son shayi sai ya ƙwanƙwasa tebur da sukudireba, kuma kada ka so ka ga yadda yake yi mini faɗa da gira.

Ranar nan kafin aikin, da kuka shige shago kai da Baba kuka turo ƙofa, kun zaci na tafi gida. Ina nan wurin tela, ashe rediyo ma yana da kunne. Na ji lokacin da ka saka kaset ɗin Umma. Zuciyata ta yi ta fatan ko kalma ɗaya ta Umma ta tsira a ƙarshe, ba ta tsira ba. Baba ne kawai, yana ɗan waƙe-waƙensa, yana faɗa da wata ƙusa da ta ƙi fita, sai kuma ya ɗaga murya yana gaya wa tela cewa Autansa zai zo karɓar kaset ɗin uwarsa, ya gyara masa shi kamar sabo. Daga nan ban ƙara jin komai ba, domin tela ya kunna kekensa da gangan, ya ce abin da ya rage ba namu ba ne.

Jiya Baba ya matsa sai na raka shi shago. Yana buɗewa ya ga kaset ɗin a kan kujerarka, inda ka bar shi. Ya ɗauka, babban yatsansa ya tafi wurin kunnen kamar yadda ya saba, sai ya tarar da rami. Ya dube ni. Na ce, "Ba ni ba ce, Baba." Ya daɗe a tsaye yana shafa wurin, hawaye na bin gemunsa, ni ma ban hana nawa ba.

Ga shi na haɗo maka da wasiƙar nan, ya nuna cewa naka ne tun asali. Ya kuma ba ni saƙo, da hannu ya faɗa amma na gane sarai. Wai ɓallewar ta yi kyau, sai dai sukudirebar shagon da ka ɓalle da ita, ka ajiye masa ita inda ba nan take zama ba. Ya hana ni taɓa ta, ya ce in ka zo ka mayar da kanka.

Yara suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Rediyo