Gidan Kaka na Agege Ba Na Sayarwa Ba Ne

Zuwa ga Baffa Hammadu, Sheshe, Kano.

Assalamu alaikum. Baffa, ina gaishe ka, ina gaida Goggo Habiba. Ya ƙafar tata? Ni lafiya lau, aikin tashar jirgin ruwa ne dai ya tsaya, amma kada Inna ta ji.

Dillalin da kuka turo ya zo gidan Kaka na Agege da wani mai son rushe shi ya gina otal. Mutumin ya leƙa soron da fatake suke sauka a da, ya ce, "Ai kango ne, babu kowa."

Na ce, "Daga yau akwai ni."

Ranar na ɗauko tabarmata na tare. Rufin yana yoyo, amma ɗaki ɗaya ya ishe ni. Har wasu direbobin motar shanu 'yan Wambai sun kwana a soron, na dafa musu shayi.

Baffa, ban taɓa yi maka musu ba, amma ina da gado a gidan nan, kuma ba zan sa hannu ba.

Allah ya ƙara girma. A aiko min da kuka da daddawa masu yawa, domin na zauna ke nan.

Ɗanka,
Ikrima