Cokalin Malamar Haɗiya

Ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara da babansu.

Kin tambayi jikin maigidana, Mai Agogo. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta fara motsi, magana tana fita kaɗan-kaɗan, amma haɗiya ta ƙi, har yanzu ta robar hanci ake zuba masa abinci. Shi ne asibiti suka turo mana wata malamar haɗiya, yarinya sa'ar 'yata ta biyu, kullum ƙarfe goma tana bakin ƙofa. In da ranka ka sha kallo, wai haɗiya ma koyar da ita ake yi.

Takan zaunar da shi a miƙe, ta ce ya fito da harshe, ya kai dama ya kai hagu, ya hura kumatu. Ta tsoma cokali a ƙanƙara ta taɓa masa can cikin baki. Ruwa ma sai ta zuba wani gari ya yi kauri. Sannan ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, a gabana fa, ta ce, "Baba, haɗiye." Shi kuma ya haɗiye kamar ɗan makaranta. Jiya cokali goma sha biyu ya ci na ayabar da ta murtsuke, ko tari ɗaya bai yi ba.

Da ta ce in gwada, a cokali na biyu ya ƙware har idonsa ya yi ja. Mutumin da shekara talatin da takwas ko shayi ba ya sha a shagonsa sai wanda na aika masa. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake ji, har ƙarar takalminta ba na son ji.

Ki gaida kowa.
Yayarki.

*

Yaya,

Na samu wasiƙarki, mun gode Allah da sauƙin da ake samu.

Amma kin ba ni dariya. Yarinyar da kika ce sa'ar 'yarki ta biyu ce, ita kike wa wannan kallon? Mutum na fama da roba a hanci, ina ya ga ta soyayya? Tun muna yara haka kike, ko tsintsiyarki aka taɓa sai kin wuni ba ki ci abinci ba. Ki bar ta ta yi aikinta, ke kuma ki sa ido ki koya. Don Allah kada ki yi wani abu da ka.

A gaida mai jiki da kyau.
Taki, Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso bayan aikin gama ya gama.

Kwana uku ina tare malamar a ƙofa ina cewa yana barci. A na ukun na haɗa masa shayi yadda yake so, ban sa garin nata ba, don na ce wannan kaurin ne ke hana shi jin daɗi. Na tsaya a kansa ina ba shi, ina yi masa labarin maƙwabcinmu da ya kai agogonsa wani shago aka ƙarasa lalata shi. Sai ya ƙware. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana ƙara. Likita ya ce shayin ne ya gangara huhu.

Yau kwananmu biyar a asibiti. Likita ya ba mu mako biyu: in bai iya ci ta baki a hannun mutanen gida ba, za a huda masa ciki a sa tiyo. Da Mai Agogo ya ji haka sai hawaye, ya kama zanena da hannunsa mai lafiya.

Na san laifina ne, kunya kamar ta kashe ni. Amma shaidan bai bar ni ba. Malamar ta zo ɗazu ta ba shi cokali shida lafiya lau, ni kuwa na sake gwadawa ya yi ta tari. Na fita baranda na tsaya ina kallon motoci. Ki faɗa mini, me ke hannunta da babu a nawa?

Ki sa mu a addu'a.
Yayarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki cikin girmamawa, tare da yi wa Baba fatan sauƙi. Na rubuto ne don na ga ba kya son mu haɗa ido.

Kuskuren farko nawa ne. Na nuna miki abin da za ki ba shi, ban tsaya na ga yadda kike ba shi ba. Jiya na tsaya a bakin ƙofa na kalla. A tsaye kike, ta gefensa na hagu. Duk cokalin da kika miƙa sai ya ɗaga kai ya juyo yana neman fuskarki, kuma in kai ya ɗagu hanyar numfashi a buɗe take. Ga shi kina magana, shi kuma yana ƙoƙarin amsa miki da abinci a baki. Ni in ina ba shi gwiwarsa yake kallo, ba shi da abin da zai ce mini.

Na ce masa ya daina amsawa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, "Ita ce fa take magana. In yi mata shiru?"

Don haka ki samu 'yar gajeriyar kujera ki zauna ta damansa, ƙasa da shi, yadda in zai kalle ki sai ya sunkuyar da haɓa. Rabin ƙaramin cokali, ruwa mai kauri kawai. Kada ki ce komai sai ya haɗiye sau biyu. Gobe zan zo, amma ke za ki riƙe cokalin.

Ki huta lafiya.
'Yarki, malamar haɗiya.

*

Auta,

Gaisuwa. Mun dawo gida, ba a huda ba, robar hancin ma an cire ta ranar Litinin.

Shirun nan ya fi komai wuya, har leɓena nake cizawa. Shi kuwa idonsa na kaina har a gama. Jiya da na ajiye kwanon ya ce, "To, ya aka yi da agogon maƙwabcin?"

Yarinyar tana da kirki, na ce ta riƙa zama tana shan shayi. Amma ki rubuta ki ajiye: cokali goma sha huɗu ya ci a hannuna. Nata sha biyu ne.

Yayarki.