Masaƙar Ummi

Litinin, 4 ga Maris

Balkasim ya ba gidan tarihi na garin Tatawin masaƙar Ummi, mahaifiyarmu. Ban sani ba sai yau da na buɗe ɗakinta na tarar da bango tsirara. Ƙanena ne, amma wallahi da yana kusa da ya sha mari. Wai, "Yaya Jaziya, tun da ta rasu ba ki taka ɗakin ba, asu ne zai cinye ta." Har da mayafin da take saƙa mini, rabi ne kawai, yana jiki.

Namiji ai bai san komai ba. Masaƙa tana da rai tun ranar da aka ɗaura mata zare. Ba a barinta tsaye da ƙishi. Sai an gama saƙa, a ba ta ruwa kamar yadda ake ba mai shirin barin duniya, a yi mata shahada, sannan a yanke. Ta Ummi ba a ba ta ba. Yanzu tana can tsakiyar baƙi.

Laraba, 6 ga Maris

Na sauko daga ƙauyenmu Shanini a motar haya, ina ta shirya faɗa a hanya. Faɗan ya lalace tun a ƙofa. A bangon da ke fuskantar gidan tarihin an zana hannayen wata tsohuwa, kowane yatsa ya fi ni tsawo, da lalle da jijiyoyi, zare na fita daga tsakaninsu yana bin bango har ya sha kwana wajen mai burodi. Na bi zaren kamar wata yarinya. Mai burodin ya kira ni Halti, wato inna, ya ce, "Burodi kike nema ko ƙarshen zare? Kowa a nan yake ƙarewa."

Ciki kuma, to, gaskiya sun iya. Dutsen matse zaitun, tulunan mai, rumbun dutse ɗan ƙarami da ƙofofinsa na itacen dabino, har da ƙugiyar rataye salka. Na daɗe gaban kayan amarya. Irin munduwar kakata ce sak.

Masaƙar tana ɗaki na ƙarshe, bayan jar igiya. An share ta, an saka mata fitila. Ban taɓa ganin aikin Ummi cikin haske haka ba. A gida kullum cikin duhun ɗaki yake, kaji na ratsawa. Ashe haka ta iya.

Na fita na nemi motar gida.

Alhamis, 7 ga Maris

Ban dafa komai ba. Shayi da dabino.

Lahadi, 10 ga Maris

Na koma, na samu mai kula da gidan, Sundus, yarinya ce sa'ar 'yata. Na zaci za ta ja. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Halti, taki ce, ki ɗauka duk ranar da kika so." Sai ta tambaya me zan yi da ita. Na ce in gama, in ba ta ruwa. Ta ce in an sake kwance ta zaren zai iya tsinkewa, ya riga ya sha wuya a tahowa. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. "Ki gama a nan mana."

Ni? In zauna ana kallona kamar raƙumin 'yan yawon buɗe ido? Na ce a'a.

Talata, 12 ga Maris

Na tsallake jar igiyar. Matajin ƙarfen da Ummi ke buga zare da shi ya lafe a hannuna, wurin da babban yatsanta ya cinye icen mariƙin ya yi daidai da nawa. Layin farko sai da na warware.

Juma'a, 15 ga Maris

Bayana na ciwo. Mutane ba su dame ni yadda na zata ba. Wata tsohuwa daga ƙauyen Dwirat ta tsaya a kaina, ta ce ina bugawa da ƙarfi kamar mai fushi da miji. Na ce mijin ya rasu, ƙane ne ya rage. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta kama miƙo mini ulu. Da rana muka ci kuskus ɗinta a gindin hannayen nan na bango. Ta ce na kakar mai zanen ne, ta san matar, mafaɗaciya ce ta gaske. Hannun dai ya yi kyau.

'Yan mata 'yan makaranta sun zo, ɗaya ta tambaya ko wannan daga zamanin da ne. Na ce daga bara ne.

Laraba, 20 ga Maris

Na gama. Sundus ta rufe ɗakin, daga ni sai ita sai matar Dwirat. Na tsoma matajin a ruwa, na bi zaren da shi daga dama zuwa hagu, ina shahada. A asibiti Ummi ta cika, ina hanya, ba ni na ba ta ruwa ba. Na yi kuka sosai, ba kunya. Sannan na yanke.

Sundus ta shimfiɗa mayafin, ta duba ta sake dubawa, wai in nuna mata inda Ummi ta tsaya na ɗora. Na sa yatsa zan nuna. Ban gane wurin ba.

Asabar, 23 ga Maris

Balkasim ya zo da motarsa mu kwashe itatuwan masaƙar, yana ta sunkuyar da kai. Na leƙa bayan motar, duk kashin tumaki. Na ce ba zan ɗora kayan Ummi a wannan ƙazantar ba, ya je ya wanke, ba sauri. Ya ce yanzu zai wanke. Na ce na faɗa masa ba sauri.

Mayafin yana gida. Itatuwan kuwa ba kyan gani haka wayam a gaban mutane, shi ke nan dalilin. Ɗaura musu sabon zare aikin mace biyu ne. Matar Dwirat ta ce Talata tana da lokaci.