Motar Shakuru Ba Ta Son Gajeriyar Hanya

Ƙofar Kware, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanena Hashimu, bakanike a Sabon Ibadan. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah takardar ga ta iske ka lahiya, kai da Saudatu da yara. Allah shi ƙara maka ƙarfin ido da na hannu, shi tsare ka daga sharrin ƙarfe. Mu nan lahiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi ni, ita kuma ba baƙuwa ba ce. Ruwa ya sauka sosai bana, gero ya yi kyau. Tani ta Gidan Dahala ta sauka, namiji, uwa da ɗa suna lahiya. Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkatar baƙin. Ban kira ka ta waya ba don gidan ga ko bango kunne gare shi, shi ya sa na ba direban tirelar shanu ya kawo maka.

Ka ji labarin autana Shakuru ya sayi mota bayan babbar salla, amma ba ka gan ta ba. Baƙa ce, man gas take sha, irin ta zamani mai turbo. Ya ce min ƙarfin doki ɗari da hamsin gare ta. Na ce mishi injin niƙan da ni da marigayi ubanshi muka ci abinci da shi shekara talatin doki takwas ne, kuma da shi aka yi mishi makaranta, da shi aka sai mishi san farko da ya fara fataucin shanu. Washegari ya kira magina, suka fasa bangon rumfar injin, suka tura injina can kusurwa aka yafa mishi buhu, aka zuba siminti, mota ta shige wurinshi.

Hashimu, ni na haifi yaron ga, ban taɓa ganin ya yi wa mai rai hidimar da yake yi wa wanga ƙarfe ba. In ya dawo daga kara, kasuwar shanu, ba ya kashe ta. Sai ya zauna ciki minti biyu ko uku tana gurnani, wai turbon wata 'yar fanka ce da hayaƙi ke juyawa har ta yi jawur, in aka kashe nan take mai zai daina zagaya ta, ta ƙone. Ni ina tsakar gida tuwo na hucewa, shi shina can shina jiran fanka ta huce. Baƙin manta ma ba irin wanda ka sani ba ne, wani ne tsararo kamar man gyaɗa, cikin galan mai hatimi, kuma tun bai ci sunanshi ba ake juye shi. Ranar juyen ya rubuta ta a takarda ya manna kusa da sitiyari. Ranar da likita ya ce in koma da gwiwata kuwa, sai na tuna mishi sau uku.

Dut wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya maganar hanya ce. Na ce ya kai ni Ƙofar Atiku gaisuwar mutuwa, ya ce in yi haƙuri in hau keke napep. Na ce asibiti, ya ce napep. Dalili, wai bakanikenshi Gazali ya ce akwai wata rariya cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. In ana 'yan zirga-zirga cikin gari inji bai ɗau zafi sosai ba, sai rariyar ta toshe, dole sai an ba motar doguwar hanya ta yi gudu ta ƙone dattin. To wa ke da doguwar hanya? Surukarshi, Hajiya Bahijja, uwar matarshi Nabila. Gonar shinkafa gare ta a Birnin Kebbi. Dut sati biyu sai ka ga ta iso da mayafi mai walƙiya, ta shige kujerar gaba, ta zuge gilashi ta tambaye ni abin da za a sayo min. Ni da na goya shi! Ta sai wa motar turare ta rataya, ta sa an ɗinka wa kujerun riga. A gidan sunan Tani na ji da kunnena tana ce wa mata motar ɗanta ce ta kawo ta. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa shiga, ranar da aka kawo ta, aka zagaya layi da ni, a kujerar baya.

Sai na ce a raina, turare ba ya tuƙa mota, mai ke tuƙa ta, kuma in dai man gas ne na fi Bahijja saninshi ko daga barci na tashi. Akwai sauran mai a duron injina tun shekara biyu da na aje niƙa. Ran Juma'a Shakuru ya tahi masallaci a ƙasa, ya bar makulli a ƙusa, Nabila na ɗakinta. Na haɗa man yadda marigayi ke yi in gas ya yi wuya: gas kashi uku, kalanzir kashi ɗaya, da ludayi biyu na tsohon baƙin mai don ya yi santsi. Na tace shi da tsohon ɗankwali, don ni ba ƙazama ba ce. Na danna makullin yadda na ga shina yi, na buɗe tanki, na sa mazurari, na juye mata jarka guda. Niyyata in sun dawo daga Kebbi in tambayi Bahijja gaban kowa ko ta san da man wa ta tahi. Wallahi iyakarta ke nan. Kai shaida ne, injina ya sha wanga haɗi shekara da shekaru ko tari bai taɓa yi ba.

Ran Asabar suka tahi, shi da Bahijja. Da za su juyo suka ƙara mai a wani wuri bakin hanya da Bahijja ta nuna mishi, wai na ɗan ƙanwarta ne. Suna isowa wajen Bodinga wata fitila ta kama a gabanshi, mota ta fara shiƙa, ta zubo farin hayaƙi, ta tsaya cak. Doki ɗari da hamsin, da igiya aka jawo su bayan motar albasa. Gazali ya jona mata na'ura kamar likita, ya kwance filtar mai, ya iske ruwa da tsatsa da warin kalanzir. Ya ce nozul huɗu gare ta masu feso mai cikin inji, biyu sun mutu, biyun ma ba ya ba da shaidarsu, don hudojinsu sun fi gashin kai siranta, ko ɗigon ruwa ba sa yafewa. Ya ce Allah ya taimaka famfon mai bai tahi ba. Ni ina zan sani duro ya tara ruwa a gindi? Ɗankwali ba ya tace ruwa.

Shakuru ya rantse man Kebbi ne. Ya daina zuwa gaida Bahijja, ya daina cin abincin Nabila. Ba zan yi maka ƙarya ba, kwana uku na yi ina jin daɗi, har tuwo nake ƙarawa. Rana ta huɗu na leƙa ɗakin Nabila na iske ta tana ninke kaya cikin akwati, ga ciki wata bakwai. Ta ce min ya ce danginsu ne suka kashe mishi mota, ita kuma ba ta iya zama ana zagin uwarta. Ɗiyar ga ita ke shafa min man zafi a gwiwa safe da yamma, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, kuma ba ita ta zaɓi uwarta ba. Na ce ta mai da kayan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki jarkar da mazurarin, na hau napep ɗin da aka saba tura ni, na je garejin Gazali, na dire su gaban Shakuru na ce ga mai laifi nan.

Gazali ya buɗe jarkar ya shinshina, ya juya mana baya, na ga kafaɗunshi na rawa don dariya. Shakuru ya daɗe shina kallon mazurarin, don ya gane shi, na ubanshi ne. Ya tambaye ni dalili. Na ce ina son in sami rabona a motar ne, tun da kujera ta fi ƙarfina. Sai ya ce ai ni ba ni da inda zan je mai nisa. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, gaskiyarshi ya faɗa, kuma ita ta fi zagi zafi. Ran nan ya je ya ba surukarshi haƙuri. Washegari sai ga Bahijja da goro, wai ta zo ta gaya min ta yafe, tsufa ne, Allah shi kiyaye gaba. Ta girme ni da shekara biyu. Na karɓi goron na yi godiya, amma har yau shina nan kan taga, ya bushe.

To ga abin da ya sa na rubuto, abu biyu ne. Na farko, Gazali ya ce nozul na asali ba a samun su a nan. Ga lambarsu ya rubuta a 'yar takardar da na ninke ciki. Ka nemo guda huɗu, ko a nan wurinku ko Ikko, ka duba da idonka, kar su ba ka tsofaffin da aka wanke aka sa a sabon kwali. Ka haɗo da filta. Ni na ɓata, daga ɗakinmu nake son gyaran ya fito, ba daga ɗakin Bahijja ba, don na ji har ta fara cewa tana da wanda ta sani a Kano.

Na biyu, Gazali ya ce in an gama gyara dole a ba ta hanya mai tsawo. Na tambaye shi nisan Ibadan, ya ce ya yi Kebbi biyar har da ɗoriya. Ashe ni ma ina da doguwar hanya, shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Don haka ka kira Shakuru ka ce kana son ganin yayarka, kuma shi kake son ya kawo ta, kafin Nabila ta sauka, don in jika ya zo Bahijja ta gama da motar. Kar ka ce ba ka da lahiya, ba na son ƙarya. Ka ce kana son ganina. In ma ba ka so, ka faɗa hakanan. Gaba zan zauna. Turarenta zan cire shi tun kafin mu bar gari, amma rigar kujerun zan bari, don gaskiya ɗinkin ya yi kyau.

Ka gaida Saudatu, ka ce kar ta wahalar da kanta, kwana biyu zan yi. Ka gaida Abdulhamid da Mu'az da Kausar, Allah shi yi musu albarka. Nabila na gaishe ku, ba ta san abin da na rubuta ba. In mun iso ƙofar gidanka ka ga ban fito nan take ba, kar ka buga min gilashi. Ina ciki tare da ɗana, muna jiran fanka ta huce.

Allah shi sada mu da alheri.

Yayarka,
Ashatu mai inji.