Mai Kawo Mini Kifi

Zuwa ga Ishaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Da kana raye sai in tambaye ka ruwa, in tambaye ka iyali, in ce yaya kamun bana. Amma na san inda kake ba a kai takarda. Ko da kana raye ma karatun wasiƙa ba aikinka ba ne, sai dai ka miƙa wa matarka Rahila ka ce idonka na yaji. Ba za ka karanta wannan ba. Duk da haka zan rubuta, don ba ni da wanda zan gaya wa maganar nan in ba kai ba.

Ishaya, ashe ka mutu? Damina biyu ke nan kana ƙasa, ni kuwa ina nan Birnin Kebbi ina cin kifinka ina suɗe yatsa. Sai watan jiya na ji.

Bari in gaya maka yadda aka yi. Ka san duk shekara in ruwa ya ja baya kakan aiko mini kwandon bandar kifi ta hannun Ɗanladi direba. To, ba ni nake zuwa tasha karɓa ba, masinjan ofishinmu nake aikawa. Bana tsohon ya yi ritaya, dole ta sa na je da ƙafata. Ɗanladi ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ne Malam Ummarun da kansa. Na ce ni ne. Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce mini ya ƙarin haƙuri. Ni kuma, wawan banza, na ce haƙurin me? Wallahi yadda mutumin nan ya sake hannuna ba zan manta ba. Shi bai taɓa zaton akwai abokin da za a binne abokinsa har ciyawa ta fito sau biyu a kan kabarin bai sani ba.

Alhali na ga alama. Ɗaurinka na san shi tun muna yara, irin wanda kake ɗaure jirgi da shi, a ja bakin igiya ɗaya ya warware gaba ɗaya. Bara da kwandon ya zo, uwargidana Hajara ta yi ta fama da ƙulli har sai da ta sa wuƙa. Na tsaya a kanta ina dariya, na ce Ishaya ya fara tsufa, ya manta ɗauri. Na ci tarwaɗar nan har da neman ƙari. Ban ɗaga waya na ce lafiya ba.

Ɗanladi bai bar ni haka ba, sai da ya ƙara mini wata. Ya ce duk shekara in ya koma garinmu Wara kana bakin tasha kana jiransa, kuma ba ka taɓa tambayar ko na ba da saƙo ba. Tambayarka ɗaya ce: shi da kansa ya zo ya karɓa? Shi kuma don tausayi sai ya ce maka e, da kansa, har yana gaishe ka. Ya ce in roƙa masa gafara wurin Allah. To ga gaskiya yau, Ishaya. Ƙarya ce. Ban taɓa zuwa ba, ko sau ɗaya.

Ka tuna mu a gidajen simintin nan da aka gina wa iyayenmu bayan ruwan dam ya cinye tsohon gari? Katanga ɗaya ta raba ɗakin Inna da na mamarka. Babana tela ne, Bahaushe ɗan tudu, ko kofin ruwa ya gani a cike sai ya ja baya. Babanka Bagunge, ruwa gadonku ne. Ranar Kirsimeti babanka ba ya yarda kowa ya yanka akuya sai Babana, don mu ma mu ci. Ranar Sallah kuwa Inna kan zuba naka kwanon kafin nawa, ta ce kai ne ba ka da tsirfa. Kai ka koya mini iyo, in dai jefa mutum daga jirgi ana kiransa koyarwa. Na sha ruwa na ƙoshi, na fito ina zaginka, kana dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ka laƙaba mini Kwaɗon Tudu, ya bi ni har sakandare.

Wani lokaci mukan yi nisa cikin tafki, ka ɗaga filafili ka bar jirgin ya tsaya, ka nuna ƙasa ka ce ga tsohuwar kasuwa nan, ga gidan kakanka can. Ni ban taɓa ganin komai ba sai ruwa, kai ma na san ba ka gani, don an haife mu bayan garin ya nutse. Amma na yarda, don kai ka faɗa.

Na tafi karatu, ka tsaya kan taru. Na sami aiki, Baba ya rasu, na ɗauko Inna na dawo da ita wurina. Ba mu yi faɗa ba. In mutane suka tambaye ni labarinka nakan ce hidima ce ta raba mu, haka zaman duniya yake. Wannan ma ƙarya ce, kuma kai ka san ranar da abin ya faru.

Shekara goma sha huɗu ke nan, bayan rasuwar Inna da mako uku. Labari bai iso ka da wuri ba. Ka shigo mota tun daga Wara don ka yi mini ta'aziyya, ba ka san gidana ba, ka yi ta tambaya har aka nuna maka ofis. Ranar muna da manyan baƙi daga Abuja, ina cikin babbar riga ta sha sitaci, ina ta rawar kai. Sai ga ka da takalmin roba, kwando a kafaɗa, ƙamshin banda ya riga ka shigowa. Ka hango ni ka washe baki ka ce Kwaɗon Tudu! Ɗaya daga cikin baƙin ya taɓa hancinsa, ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce mai kawo mini kifi ne daga Yawuri.

Ka ji. Na san ka ji, don na ga yadda ka sauke kwandon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ka yi mini gaisuwar Inna a tsaye. Ka ce mini ranka ya daɗe, kalmar da ba ta taɓa shiga tsakanina da kai ba. Ka ce mota za ta tashi. Ban bi ka ba. Matar da ka zo yi wa kuka ta ciyar da kai shekara da shekaru, ni ɗanta ko ruwan sha ban ba ka ba.

Na ɗauka shi ke nan, na rasa ka. Shekara na zagayowa sai ga kwando a tasha. Wata shekarar ma haka. Na ba ka aiki da bakina, ka riƙe shi har ka mutu, har bayan ka mutu. Me kake nufi da shi, Ishaya? Yafiya ce, ko kuwa kana tuna mini ne? Na ci na ƙoshi shekara goma sha huɗu ban iya tambaya ba.

Kowa ya koma sa kifi a kwali, kai kana nan kan kwandon geza da kake saƙawa da hannunka. Kuma ka san tarbiyyar Inna, ba a mai da kwanon maƙwabci ba komai a ciki. Sai na ce ba zan ba Ɗanladi kwandon ba, zan cika shi da abin kirki in kai maka da kaina, in durƙusa in ba ka haƙuri. Bayan Sallah. Bayan damina. In hanya ta yi lafiya. Kwanduna suka yi ta hawa kan juna a sito. Sau biyu Hajara tana neman ta bayar da su, na yi mata faɗan da ba ta san dalilinsa ba. Sau nawa na ratsa Yelwa a motar ofis, na tsaya bakin titi na sayi albasa, na wuce? Ka yi mini filashin sau biyu ko uku, na dubi sunanka na ce in na natsu zan kira. Kunya ce, wallahi, ba raini ba. Amma kai da kake can bakin ruwa, ta yaya za ka bambance?

Asabar ɗin da ta wuce na je. Na cika kwandunan da shinkafa da sukari da sabulu da turamen atamfa, na loda su a mota. Bari in ba ka labarin gida, ko da yake ni ne baƙo. Ruwa na nan, amma kowa na kukan kifi ya ƙanƙance, giwan ruwa sai an yi sa'a. Samari da yawa sun ajiye taru sun tafi haƙar zinariya. Ɗanka Yakubu ya sayi inji, yana ɗaukar 'yan kasuwa zuwa ƙetare, ya kuma yi aure bara. Jirginka na kife ƙarƙashin mangwaro, kaji na ƙwai a ciki. Ɗakin Inna wasu baƙi ne a ciki, sun yi masa fenti shuɗi. Na tsaya a ƙofar ba wanda ya san ni.

Rahila na wurin banda na same ta. Ta yi furfura, Ishaya. Ta ce tari ne, mako uku a asibiti a Yelwa. Ta ce cikin wasiyyarka har da kada a yanke wa Ummaru kifinsa, kuma ka bar kwando biyu da ka saƙa kafin ƙarfinka ya ƙare. Na bana shi ne na ƙarshe. Ita ce ta yi ɗaurin da na yi wa dariya.

Na zauna kan turmi na gaya mata komai, na ofis da na tasha, ban rage ba. Ba ta daina juya kifi ba. Da na gama ta ce ai ka sani. Ta ce ranar da ka dawo daga Birnin Kebbi kwana biyu ba ka shiga ruwa ba, ba ka kuma ce wa kowa uffan ba sai ita. Maganar Ɗanladi kuwa, ka ce a bar shi, ƙaryarsa ba ta cutar kowa. In ta yi mitar asarar kwanduna sai ka ce mata muddin suna wurina, wata rana zan kawo su. Ta dubi tulin da na sauke, ba ta ko leƙa abin da ke ciki ba. Ta ce to, ga shi ka kawo.

Yakubu ya kai ni bayan coci ya nuna mini inda kake. Ni ba malami ba ne, ban san abin da ya kamata in ce ba. Na ce maka sannu. Na bar ka ga Allahn da ya halicce mu duka, na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar Inna.

Da muka dawo surukarka, amaryar Yakubu, ta kawo mini ruwa. Ba ta taɓa ganina ba. Ta koma kusa da Rahila ta tambaye ta a hankali, da Gunganci, wane ne wannan Alhajin. Tana zaton ba na ji. Ni ma na ɗauka na manta yarenku, ashe yana nan. Na sunkuyar da kai ina jira, don na san amsar da ta dace da ni: mutumin da muke kai wa kifi. Rahila ta ce abokin Baba ne, tare suka tashi.

Na shanye ruwan nan kaina a sunkuye, Ishaya.

Na roƙe ta kada ta ƙara ba Ɗanladi saƙo. In ruwa ya ja baya ni zan zo in ɗauka, in Allah ya kai mu. Ta ce in zo da wuri, kafin kifin ya sauka daga wuta. Kwandunanka suna gida, duka goma sha huɗun, ba wanda ya ɓata.

Ka huta lafiya. Sai mun zo.

Abokinka, in ka yarda,
Ummaru, Kwaɗon Tudu